Babi na Shida: Sulken Masunta

Wata shekara da hunturu ya kankama, na shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ina neman rigar sanyi. An kwance dila ke nan, an zube kaya a tabarma, kowa ya duƙa yana tono. Hannuna ya faɗa kan wata riga shuɗiya mai duhu, kamar an tsamo ta daga marina, da na ɗaga ta sai na ji ta fi 'yan uwanta nauyi. Ba ta da laushi ko kaɗan. Saƙarta a tsuke take, har idan ka ɗaga ta saitin rana da ƙyar haske ke ratsa ta. Na juya cikinta waje ina neman inda aka haɗa gaba da baya, ban ga ɗinki ko ɗaya ba. Daga ƙugu har wuya, daga kafaɗa har wuyan hannu, saƙa ce ta zagaye jiki ba yankewa. A hammata kuma akwai wani ɗan ƙari mai kusurwa huɗu, tsini sama tsini ƙasa. Mai kayan ya ce, "Malam, wannan ta yi tauri, ga masu laushi nan." Na ce ita nake so.

Sai daga baya na san abin da na saya. Irin wannan riga ce masuntan gaɓar tekun Ingila da Sikotland ke kira ganzi. Sunan ya fito ne daga Guernsey, wani ƙaramin tsibiri da ke dab da gaɓar Faransa amma yana ƙarƙashin sarautar Ingila, wanda mutanensa suka yi suna a saƙa tun ƙarni na 16. Maƙwabcinsa shi ne tsibirin Jersey, kuma daga sunansa ne aka samo kalmar jesi da 'yan ƙwallonmu ke sawa yau. A ƙarni na 19 ganzi ta zama alamar masunci a duk faɗin gaɓar, tun daga Cornwall a kudu har tsibiran Shetland can ƙuryar arewa.

Sanyin da muka sani busasshe ne. Yana fasa leɓe, yana kawo faso a dunduniya, amma da hantsi ya dubi ludayi an fara cire mayafi. Sanyin Tekun Arewa jiƙaƙƙe ne, kuma tafe yake da iska. Masunci yakan kwana a buɗaɗɗen jirgi, igiyar ruwa tana watsa masa ruwan gishiri, hannunsa cikin taru, ba wuta ba mafaka. Rigar auduga a irin wannan wuri abokiyar gaba ce, domin da ta jiƙe sai ta manne a fata ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Gashin tunkiya kuwa halinsa daban. Kowane sili nasa a lanƙwashe yake, yana tare iska a tsakaninsa da ɗan uwansa, kuma yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da mai sanye da shi ya ji ya jiƙe ba. Ba mamaki wannan ya zama baƙon abu a wurinmu, tunda tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gajeren gashi ne da su wanda ba ya kaɗuwa. Abin da muke saya a kasuwa da sunan ulu, mafi yawansa zaren roba ne da aka sarrafa daga man fetur.

Zaren ganzi sili biyar ake haɗawa a murɗe su tamau, sannan a rina shi shuɗi mai duhu. Saboda ƙarfinsa har laƙabi suke yi masa da ƙarfen ma'aikatan jirgi. Ni kuwa duk lokacin da na shafa tawa, sulke take tuna mini, wanda barade ke sawa ƙarƙashin riga ranar hawa: zobe cikin zobe, kowane ɗaya yana riƙe da ɗan uwansa.

Duk wani abu da ke jikin rigar nan akwai dalilinsa. Da tsinkayen ƙarfe huɗu ko biyar ake saƙa ta, sirara, masu tsini a kowane ɓangare, ana zagayawa kamar mai ginin rumbu. Shi ya sa ba ta da ɗinki, domin wurin ɗinki nan ne riga ke fara ɓarkewa, nan ne kuma iska ke samun ƙofa. Zagaye ɗaya na rigar babban mutum yakan haura ido ɗari uku, a garin Sheringham ma, inda aka yi suna wajen ƙananan idanu, sukan tsuke saƙar har ido goma sha biyu ya shiga inci ɗaya. Wancan ɗan ƙari na hammata shi ke ba masunci damar ɗaga hannu ya ja igiya ba tare da rigar ta tattare ta bar cikinsa a waje ba. Hannun rigar a ɗan gajarce yake, bai kai tafin hannu ba, don kada ya riƙa shan ruwa yana gurje fata, kada kuma ƙugiya ta kama shi. Ba maɓalli a gaba da zai sarƙe a raga. A garuruwa da yawa gaba da baya iri ɗaya ake yin su, saboda mai tashi da asuba cikin duhu ya zura kawai, kuma gwiwar hannu ba za ta cinye wuri ɗaya ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta hannun riga. Daga kafaɗa ake faro shi a gangaro ƙasa, a ƙare a wuyan hannu. Tunda wuyan hannu da gwiwar hannu su ke fara mutuwa, sai matar gida ta warware daga ƙasa har inda zaren ke da rai, ta ɗora sabo ta sake gangarowa. Akwai tsofaffin ganzi a gidajen tarihi, irin na masunta da ke Anstruther a Sikotland, waɗanda za ka ga shuɗin hannunsu ya bambanta da na jiki saboda gyara kan gyara. Wadda ta tsara wannan ta san talauci, ta kuma san cewa riga ɗaya za ta yi wa mijinta shekaru.

Adon yakan taru a ƙirji da kafaɗa. Da ido iri biyu kacal ake fitar da mafi yawansa, na gaba da na baya, ana sauya su kamar yadda mai saƙar faifai ke sauya kaba. Inda aka yi ado saƙar ta ƙara kauri, wato ƙirji ya sami ƙarin kariya. Zanen suna da sunaye, kamar yadda muke da aska biyu da aska takwas a babbar riga: akwai igiya, da tsani, da anga, da idon taru, da ƙayar kifi, da wani mai hawa da sauka da suke kira layin aure. Wasu matan sukan saƙa harufan farko na sunan mai rigar can ƙasa kusa da ƙugu. Masunci yakan mallaki ta aiki, da kuma ta ado wadda yake sawa ranar Lahadi. Mai ɗaukar hoto Frank Meadow Sutcliffe ya bar mana hotunan masuntan Whitby na ƙarshen ƙarni na 19, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne na Henry Freeman, sanye da rigar toto ta hana nitsewa a kan ganzinsa. Shi kaɗai ya tsira a watan Fabrairun 1861 lokacin da jirgin ceto na garin ya kife, abokan aikinsa goma sha biyu suka halaka.

An san sunan Freeman, an san na mai hoton. Wadda ta saƙa rigar fa? Wannan tambaya ce ta sa na rubuta babin nan.

Matan gaɓar teku ba su da lokacin zama musamman don saƙa. Su ke sa wa ƙugiyoyi abinci, su ke gyaran taru, su ke ɗaukar kifi zuwa kasuwa. Saboda haka suka ƙirƙiri wata 'yar jakar fata mai huji-huji, a cusa mata gashin doki a ɗaura a ƙugu, a soke tsinke ɗaya a ciki ya tsaya da kansa. Da wannan mace za ta yi saƙa tana tafiya, tana hira, tana tsaye bakin gaɓa tana jiran jiragen su dawo. 'Yan mata tun suna ƙanana ake fara ba su sassa masu sauƙi, uwa ta riƙe ƙirji da kafaɗa. Babu takarda, babu zane a rubuce. A ka ake riƙe lissafin, ido ya gani hannu ya kwaikwaya.

Sai kuma 'yan matan kifin herin. Wannan ɗan kifi mai sheƙin azurfa yakan taso garke-garke, ya faro daga arewacin Sikotland da bazara, jiragen su suna bin sa kudu-kudu har su kai Great Yarmouth da Lowestoft da kaka. A ƙasa kuma dubban mata 'yan Sikotland ne ke bin jiragen daga tasha zuwa tasha, irin tafiyar da mu za mu kira cin rani. Uku-uku suke aiki, biyu suna farke ciki, ɗaya tana jera kifin a ganga da gishiri. Gwanar cikinsu takan farke kifi kusan sittin a minti ɗaya. Da asuba sukan naɗe yatsunsu da tsumma saboda wuƙa da cizon gishiri a rauni. A 1907 kaɗai an cika ganga miliyan biyu da rabi, akasari aka tura Jamus da Rasha da gabashin Turai. Da waɗannan yatsun masu tsaga, idan jirage suka yi jinkiri, sai su zaro tsinkaye su hau saƙa. 'Yar garin Wick na Sikotland ta ga wani zane a ƙirjin masuncin Yarmouth, ta ƙare masa kallo, kafin ta koma gida ya shiga hannunta. Haka zanen suka yi ta yawo a gaɓa, suna cuɗanya, kowace tana ƙara nata.

A nan ne labarin da 'yan kasuwa ke bayarwa ya ci karo da tarihi. Duk wanda ya taɓa sayen irin wannan riga a shagon 'yan yawon buɗe ido ya ji shi: wai kowane dangi yana da zanensa na gado tun kaka da kakanni, domin idan teku ta ci mutum ta amayo gawarsa bayan kwanaki, a gane ko ɗan gidan wa ne. Labarin yana taɓa zuciya, kuma mutuwar da yake magana a kai gaskiya ce. Ranar 14 ga Oktoban 1881 guguwa ɗaya ta kashe masunta 189 a kudu maso gabashin Sikotland, 129 daga cikinsu 'yan ƙaramin garin Eyemouth ne. Gaskiya ne kuma mace za ta gane aikin hannunta ko a ina ta gan shi, kamar yadda mai ɗinkin hula ke gane tasa a kan wani a tsakiyar taro. Wasu garuruwa ma, irin Filey da Flamborough da tsibirin Eriskay, suna da salon da aka fi sanin su da shi. Amma zanen dangi da ake gada kamar tsagar fuska, masu binciken tarihin saƙa ba su same shi ba.

Ana iya bin sawun labarin. A 1904 aka fara nuna wasan kwaikwayon marubucin Ailan J. M. Synge mai suna Riders to the Sea, wanda aka gina a tsibiran Aran. A ciki, an kawo wa wasu 'yan mata tufafin wata gawa da aka tsinta can nesa, ɗayarsu ta gane na ɗan uwansu ne saboda ta ƙirga idanun saƙar ta ga inda ta yi kuskure. Safa ce, ba riga ba, kuma kuskuren hannu ne ya tona, ba tambarin dangi ba. Daga baya wani ɗan kasuwar zare haifaffen Jamus, Heinz Kiewe, ya ga farar rigar Aran a wani shago a Dublin a 1936, ya shiga danganta zanenta da adon tsofaffin littattafan addini na Ailan, har ya fitar da littafi a 1967 yana ba ta shekaru aru-aru. Richard Rutt, wani bishop na Leicester da ya rubuta tarihin saƙar hannu a 1987, ya bi diddigi ya nuna zancen ba shi da tushe.

Farar rigar Aran da duniya ta sani yarinya ce a kan ganzi. Tsibiran Aran uku ne a bakin mashigin Galway, a yammacin Ailan, duwatsu ne da iska da talauci. A 1891 gwamnati ta kafa hukumar raya yankunan da fatara ta yi wa katutu, ita kuma ta kawo masunta da masu gyaran kifi daga wasu sassa, har da Sikotland, don bunƙasa sana'ar su a yammacin ƙasar. Da su ganzi ta shigo. Matan Aran suka karɓe ta suka juya ta yadda suke so: suka ɗauki zarensu na gida mai kauri, fari, wanda ba a rina ba kuma ba a wanke maiƙonsa duka ba, suka cika rigar da igiyoyi masu hawa kan juna da zanen saƙar zuma tun daga ƙugu har wuya. Wannan ya faru ne a farkon ƙarni na 20. Muriel Gahan, wadda ta buɗe shagon kayan karkara a Dublin a 1930, tana cikin waɗanda suka fara sayen rigunan daga hannun matan. A shekarun 1950 aka fara fitar da su Amurka, a 1961 kuma mawaƙan nan Clancy Brothers suka fito a talabijin ɗin Amurka a shirin Ed Sullivan sanye da su, kasuwa ta buɗe.

Abin da ke ci mini rai game da tatsuniyar dangi shi ne ƙwace da take yi. Matan da suka zauna a ɗakunan dutse, da fitilar aci-balbal, suka ƙago ɗaya daga cikin fitattun tufafin ƙarni na 20, an mayar da su masu kwafar abin da wasu kakanni da ba a san su ba suka bari. An ɗauke basirar daga hannun mai ita an miƙa wa almara, saboda almara ta fi sayar da kaya. A Polperro ta Cornwall ma haka mata suka yi ta saƙa wa dillalai ganzi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau idan ka duba rigunan masunta da ake tallatawa, za ka ga a wasunsu an rubuta cewa an haɗa ulun da gashin alfaka. Alfaka 'yar uwar raƙumi ce, ƙarama, ba tozo, tana rayuwa a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, inda tudu ke haura mita 3,500. Mutanen wurin sun mayar da ita dabbar gida tun shekaru dubbai. Peru ce ke da mafi yawansu, kimanin miliyan huɗu, akasari a hannun ƙananan makiyaya a yankunan Puno da Cusco, birnin Arequipa kuma shi ne cibiyar sarrafa gashin. Sau ɗaya ake yi mata aski a shekara. Gashin yana da santsi, yana da ɗumi ƙwarai, kuma yana zuwa da launuka sama da ashirin ba tare da rini ba, daga fari zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi. Su ma mutanen tsaunin gwanayen saƙa ne. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca maza ne ke saƙa huluna, kuma a 2005 UNESCO ta sa sana'ar tufafinsu cikin kayan gadon ɗan Adam.

Gashin alfaka ba baƙo ba ne a Ingila. A 1836 wani mai masaƙa, Titus Salt, ya tarar da dilolinsa a jibge a wani sito a Liverpool ba mai so. Ya gwada har ya gano yadda zai saƙa shi da auduga ya fitar da yadi mai sheƙi, ya yi arziki, a 1853 ya buɗe katafariyar masaƙarsa a Saltaire kusa da Bradford. Wato a cikin Yorkshire ɗaya, ga alfaka a Bradford, ga matan Whitby da Filey suna saƙa ganzi, amma ganzi ta zauna a kan gashin tunkiya. Tsada dalili ne. Akwai kuma na sana'a. Silin alfaka ba shi da lanƙwasa irin ta ulu, don haka idan ya miƙe ba ya komawa. Riga zallar alfaka takan saki, ta yi tsawo, wuyanta ya buɗe. Ba shi da maiƙon nan na tunkiya. Laushinsa kuma yakan lulluɓe zanen, igiya da tsani su dushe, alhali a zare mai tauri fitowa suke raɗau kamar sassaƙa. Shi ya sa masu yin ta da kyau suke haɗa biyun, ulu ya riƙe siffa, alfaka ya kawo laushi. A tsibirin Inis Meáin na Aran akwai kamfanin saƙa da aka kafa a 1976, yana aiki da alfaka da sauran zaruruwa masu tsada, ya kuma samar wa mutanen tsibirin aikin yi a gida.

Ban ga laifin rigar da aka haɗa da alfaka ba. Ta fi daɗin sawa, ba ta ƙaiƙayi a wuya, kuma mai zaman ofis a Landan ba ya jan taru. Abin da nake so shi ne a kira ta da sunanta: rigar ado ce da ta ari siffar rigar aiki. Ina kuma so mai saye ya tuna da makiyayin Puno, wanda shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta a kuɗin, har ma buƙatar masana'antu ta farin gashi, saboda ya fi karɓar rini, ta sa masu launi suka ragu a garkuna. Rigar aikin kanta ta riga ta bar teku. Yaƙin Duniya na Farko ya rushe kasuwar Jamus da Rasha, kifin herin ya yi ta raguwa har aka hana kama shi a Tekun Arewa a 1977, masunta kuma suka koma tufafin roba masu saurin bushewa. A 1955 Gladys Thompson ta fitar da littafin zanen da ta bi ƙauyukan gaɓa tana kwafowa daga jikin tsofaffin riguna da bakin tsofaffin mata, kuma da irin wannan aiki ne zanen da yawa suka kai ga masu saƙa na yau.

Mai karatu, idan hunturu ya zo ka shiga gwanjo, kada laushi ya ruɗe ka. Juya rigar ka nemi ɗinki a gefe, ka duba hammata. Idan kana shakkar zaren, tsinko ɗan sili ka kusanta shi da ashana: ulu na gaske ƙaurin babbaka yake yi ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. In ka dace da ta gaske, wanke ta da ruwan sanyi, kada ka murɗe ta, ka shimfiɗa ta a inuwa ta bushe, ka kuma adana ta inda asu ba zai kai gare ta ba. Ranar da hannunta ya mutu kada ka yar da ita. Kai wa mai saƙa a unguwarku, ka nuna mata ta warware daga wuyan hannu ta sake gangarowa da sabon zare, domin haka mai ita ta tsara ta tun farko.